Sun zo neman jininmu don bincike, Baba ya ce kada wanda ya je

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Shekaranjiya mai unguwa ya sa aka yi shela cewa wasu likitoci daga wata jami'a za su zo firamaren unguwarmu ranar Asabar, suna bincike a kan ciwon ƙoda. Mutum 300 suke nema, maza da mata, masu ciwon da marasa shi. Za a auna hawan jini, a karɓi fitsari, a ɗebi jini kwalba biyu, sannan a ba mutum kuɗin mota. Ni dai raina ya biya, don mu nan yankin Haɗeja da wuya ka sami gidan da bai san wanda ciwon nan ya kwantar ba. Ƙanin maigidana shekara biyu yana zaryar wankin ƙoda kafin Allah ya karɓi abinsa, har gonar gado sai da aka sayar. To amma Baba, surukina, ya ce duk wanda ya je daga gidan nan bai yafe ba, wai jinin mutane suke kwasa su kai ƙasar waje. Shi kuma maigidan ya ja bakinsa ya yi gum. Wanda ya san kan abin nan ya fahimtar da ni don Allah.

Ɗan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki zauna a ɗakinki. Baba ya fi ki gaskiya. Mu mutanen Kano ba labari aka ba mu ba. A 1996 da aka yi annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya zo asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa ya gwada maganinsa Trovan a kan yara, iyayensu na zaton taimako aka kawo musu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ummu_Sudais:
Allah ya jiƙan ƙanin mijinki. Ni ma ra'ayina kenan, a kiyayi abin da ba a san ƙarshensa ba.

Nas_Hadiza:
Amin. Ɗan_Kurna, abin da ka faɗa ya faru, ba wanda zai musa, amma bari in cike maka. Yara 200 aka saka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani magani da dama ana amfani da shi. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi ɓarnar, kuma wai an yi wa iyaye bayani da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.

Laifin da aka yi a nan shi ne ba a gaya wa mutane gaskiya ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Sannan ki lura Maman Ilham, wancan magani ne aka ɗura wa yara marasa lafiya. Naku kuwa, yadda kika bayyana, ba abin da za a saka miki a jiki, aunawa kawai za a yi. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan_Kurna:
Sista, ke ma'aikaciyarsu ce, dole ki ce haka. Diyyar ma da kike magana, sai 2011 aka fara biya, shekara 15 bayan abin, kuma sai da aka ce kowa ya zo a yi masa gwajin ƙwayoyin halitta a tabbatar ɗansa ne. Wato a sake ɗibar wani abu daga jikinka kafin a biya ka na farko.

Abu_Yusra_Birmingham:
Ni ina so in kawo ɗaya gefen, don a nan Ingila kullum maganar da ake yi kenan. A manyan binciken ƙwayoyin gado da aka yi a duniya zuwa 2019, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka auna Turawa ne. 'Yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Kuma da wannan ilimin ake haɗa magani, ake tsara awo, a kawo mana mu sha. Misali ɗaya da na gani da idona lokacin korona: ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa ya nuna yawan iskar da ke jininsa. A 2020 likitoci a jami'ar Michigan ta Amurka suka gano yana yawan nuna cewa baƙar fata lafiyarsa ƙalau alhali iskarsa ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda yake kuskure a kan farar fata. Dalili? Da haske yake aiki, kuma galibi a kan farar fata aka gwada shi. Wannan na'urar tana asibitocinmu na gida yanzu haka. In mun ƙi shiga, da awon wani za a ci gaba da ɗinka mana riga.

Bahaushen_Zango_Kumasi:
Gaskiya ne Abu Yusra. Kuma maganar ƙoda ma ta shafe mu kai tsaye. Akwai wani abu a ƙwayoyin gado da ake kira APOL1, wanda wasu nau'o'insa suka fi yawa a mutanen Afirka ta Yamma. Asalinsa kariya ce daga ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. A baƙaƙen Amurka aka fara gano shi. Sai a 2024 aka fitar da babban bincike da aka yi a nan Gana da Najeriya, mutum sama da 8,000, ya tabbatar abin yana aiki a jikinmu mu ma. Da waɗannan mutanen sun ce ba za su ba da jini ba, da har yau hasashe ake yi.

Anti_Balaraba:
Ku bari in yi magana, don ni na yi aikin nan da ƙafata. Shekara shida ina cikin matan da ke bin gida gida lokacin rigakafin shan-inna, daga baya wasu masu bincike a kan hawan jinin mata masu ciki suka ɗauke ni in riƙa nemo musu mata, tunda an san ni.

Abu na farko da na koya, kalmar kanta matsala ce. In ka ce "bincike", tsohuwa tana jin 'yan sanda ne ko masu haraji. In ka ce "gwaji", maigida ya ce to matata ce abin gwajin? Takardar amincewar da suka ba mu shafi shida ce, an juya ta daga Turanci zuwa wata irin Hausa da ni da na yi sakandare sai na karanta sau uku. Yawancin matan ma ajami suka iya, ba boko ba. Sai dai in zauna a kan tabarma in warware musu da bakina, wata tana tankaɗe, wata tana ba yaro nono, kishiya ta leƙo daga ɗaki tana sauraro. Kafin nan kuwa na tsaya a zaure na gama da maigida, wani sai na dawo sau uku. Mata 40 da wani abu na kawo musu. Saboda ni suka dangwala yatsa, ba saboda takardar ba.

Aka gama, motocin suka tafi. An ce za a dawo da sakamako bayan wata shida. Yau shekara huɗu. Har yanzu in na je biki ko suna sai wata ta ja ni gefe ta ce Balaraba ina labarin jininmu? Akwai wadda ta yi ɓari bayan nan, mijinta har gida ya zo ya ce mu muka jawo, ko da yake ba abin da aka ba ta. Lambar wayar da ke jikin takardar ta daina shiga. Su sun sami digirinsu, ni aka bari da mutane. Shi ya sa da wasu suka sake zuwa bara na ce su nemi wata.

Saboda haka Maman Ilham, ni ban ce kar ki je ba. Amma Baba ba shirme yake faɗa ba, ya taɓa ganin an zo an tafi ne.

Ummu_Sudais:
Kai Anti, wannan labari ya taɓa ni. Allah ya saka miki.

Abu_Yusra_Birmingham:
Anti Balaraba, ban da ta cewa. Nan ma haka masu bincike suke kuka wai "mutanen nan suna da wuyar samu". Wani dattijo ɗan Somaliya a masallacinmu ya ce musu mu ba mu ɓuya ba, kullum muna nan sau biyar a rana, ku ne ba kwa zuwa sai kuna buƙatar jini.

Malam_Sabo_Mai_Allo:
Bismillah. Ta fuskar addini, neman sanin cuta da maganinta ba laifi ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma maganin sai an nema ake samu. Ɗibar jini kaɗan don awo bai fi ƙaho ba, ƙaho kuwa sunna ne. Amma 'yata, kada ki tsallake maganar surukinki ki fita a ɓoye, zaman gidan ya fi ranar Asabar tsawo. Ki sa mijinki ya sami limamin unguwa ko wani aminin Baban, su je tare wurin mai unguwa a ji daga bakin likitocin. Dattijo in aka girmama shi aka tambaye shi, sau da yawa yakan sauko da kansa.

Zee_BUK:
Allah gafarta Malam, da girmamawa, amma jinin nata ne fa. A ƙa'idar bincike, yardar mai unguwa ko ta miji ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa. Kuma abin yana da gefe biyu: kamar yadda bai kamata a hana ta ba, haka bai kamata mai unguwa ya ce kowa ya fito ba. Nawa ne za su je ranar Asabar don kawai kar a ce sun ƙi jin maganar mai unguwa? Wannan ai ba yarda ba ce, kunya ce. Kuma irin wannan ne ya sa mata suka fi kowa ƙaranci a bincike, sai an bi ta kan mutum uku kafin a iso gare su.

Malam_Sabo_Mai_Allo:
'Yata Zee, ban ce jinin na Baba ne ba. Na ce gidan nasa ne. Wanda ya iya allonsa ya wanke.

Zee_BUK:
To Malam, na ji. Amma dai a rubuta cewa ban sauka daga kan maganata ba.

Sani_Mai_Shayi:
Ni tambayata nawa ne kuɗin motar? In da tsoka a faɗa mana mu ma mu zo Haɗejan.

Maman_Ilham:
Malam Sani kai dai ba ka rabo da wasa. An ce 3,000.

Ɗan_Kurna:
Kun gani ko? Makarantar tana cikin unguwa, da ƙafa za a je, motar me za a hau? Sayen jini ne aka sa masa suna mai daɗi. A wannan tsadar, wa zai ga dubu uku ya tsaya karanta shafi shida?

Nas_Hadiza:
A nan kam ka taɓo abin da su kansu kwamitocin ɗa'ar bincike, masu ba da izini kafin a yi bincike a kan mutane, suke muhawara a kai. In kuɗin ya yi yawa ya zama ƙugiya, talaka zai yarda da abin da zuciyarsa ba ta so. In ba a ba da komai ba, to mai tallan ƙosai da ɗan ga-ruwa da suka bar sana'arsu rabin yini wa zai biya su? Sai ya zama masu albashi kaɗai ke zuwa, a koma gidan jiya. Ni a ganina a daina cewa kuɗin mota, a ce ladan lokacinka, a faɗi gaskiya.

Kuma Ɗan_Kurna, tunda ka ce ni tasu ce, bari in ba ka misali daga Kanon taka. Ana haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Yaran nan da yawa shanyewar ɓarin jiki ke kama su tun suna ƙanana. A Turai ƙarin jini ake yi musu duk wata don karewa, mu ina muka ga wannan jinin? Likitocin asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi bincike da yara 220. Ana duba gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a ɗora shi kan ƙwayar haidiroksiyuriya. Sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana karewa. Iyaye Hausawa ne suka kawo 'ya'yansu, a garin da aka yi Trovan. Bambancin, likitocin 'yan gida ne, suna nan a asibitin, gobe ma za ka same su.

Maman_Khalifa:
Sista Hadiza Allah ya biya ki. Ɗana yana shan maganin nan shekara uku kenan, ban taɓa sanin daga inda abin ya samo asali ba. Da kusan duk wata muna gadon asibiti, yanzu sai mu yi wata biyar lafiya.

Issoufou_Dosso:
Sallama daga Nijar. Mu ma an yi irinsa a jiharmu, wajen Boboye da Loga. Ana bin garuruwa ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, wasu garuruwan kuma a ba su mai kama da shi wanda ba magani a ciki, don a gwada bambanci. An yi a Malawi da Tanzaniya ma. Da sakamako ya fito a 2018, a Nijar mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a garuruwan da suka sami maganin. Ta hannun masu gari aka shiga, kuma ba a birni aka tsaya ba, ƙauyukan da lokotoro bai cika zuwa ba aka je. Abin da ni ya dame ni shi ne garuruwan da aka ba wanda ba magani, ko da an yi musu bayani, ban san ko tsohuwa ta gane ba.

Garba_Injiniya:
Ni fa ina ganin ba sai an yi wani bincike ba. Kowa ya san maganin feshi da ake zubawa a gonakin shinkafa ne ke komawa ruwan sha. Ga jiƙe-jiƙen da ake sha ba awo.

Sani_Mai_Shayi:
Da ƙwayoyin ciwon jiki. Lebura ya dawo daga gona ya watsa huɗu lokaci guda ya kora da shayi, a gabana ake yi kullum.

Bahaushen_Zango_Kumasi:
Da zafin rana da ƙarancin shan ruwa. An ga irin wannan a masu yankan rake a Amurka ta Tsakiya.

Nas_Hadiza:
Kun ga ku uku kun kawo dalili huɗu ko biyar, kowa kuma ya tabbata nasa ne. Injiniya, wannan shi ne amfanin auna masu ciwon da marasa shi, a ga me ya raba su. In ba haka ba sai mu shekara ashirin muna "kowa ya sani" ana ta binne mutane daga Haɗeja har Gashuwa.

Lauya_Mustapha:
Mu dawo kan tambayar Hajiya da tsoron Baba, don maganar kai jini waje ba tatsuniya ba ce. Akwai wata ƙaramar ƙabila a Arizona ta Amurka, Havasupai, da suka ba da jini a kan za a binciki ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilarsu, abin da ba su taɓa yarda da shi ba. Sai 2010 jami'ar da ta ɗebi jinin ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. To ki tambaye su ƙarara: ina za a ajiye jinin, shekara nawa, zai fita ƙasar nan, kuma za a yi wani aikin da shi ban da na ƙoda? Ki nemi ganin takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, tana da lamba da kwanan wata, Najeriya tana da kundin ƙa'idojin nan tun 2007. Kwafin takardar amincewa haƙƙinki ne ki tafi da shi gida, kuma kina da ikon janyewa ko bayan kin sa hannu. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. Wanda ya fara cewa Hajiya yi sauri layi na jira, ki ɗauki mayafinki.

Anti_Balaraba:
Lauya ka manta guda ɗaya, wadda ta fi duka a wurina. In aka auna aka ga ƙodarta ta fara taɓuwa, wa zai gaya mata, yaushe, kuma ina za a tura ta? In amsar ita ce "za mu buga a mujalla", to ba don ku aka zo ba.

Ɗan_Kurna:
Anti ke kaɗai ce nake jin maganarki a zauren nan. Ku tuna 2003 da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, ba jahilci ne kawai ba kamar yadda ake faɗa a waje, ciwon 1996 ne bai warke ba. Sai da aka sake gwada maganin, aka kawo na Indunusiya, sarakuna da malamai suka shigo, sannan aka dawo a 2004. Kuma yara nawa suka shanye a tsakani? Ni ma na san mun yi asara. Amma wa ya fara ɓata ruwan?

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Jiya da daddare na karanta wa maigidan maganganunku, har da na Ɗan_Kurna ban tsallake ba. Da safe ya bi shawarar Malam Sabo, ya sami Liman suka je wurin Baba. Baba bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi shi da kansa zai je ƙofar gidan mai unguwa ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da likitocin za su zo gaisuwa, yana da tambayoyin da zai yi musu. Na rubuta wa maigidan na Lauya da na Anti Balaraba a takarda ya sa a aljihu. Baba ya ce tasa tambayar ɗaya ce: a cikinsu wane ne ɗan garin nan, kuma gidan wa ya fito.

Zee_BUK:
To ke fa Maman Ilham, in Baba ya ce a'a ranar Juma'ar?

Maman_Ilham:
Zee ki bar ni in ga Juma'ar tukuna.

Nas_Hadiza:
In Allah ya sa za ki je, ki tambaya ko ana so a zo ba a karya ba, don wasu awon sai da haka. Kuma ki tafi da kwalayen duk maganin da kike sha, har na gargajiya, kar ki ji kunyar nuna musu.

Ɗan_Kurna:
Lambar wayar da ke jikin takardar, a kira ta a gabansu a ga ko tana shiga.